Ranar da na kai surukina oberj cin kaza

A shekarar da abin nan ya same ni, ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wani kolej a nan Dakoro, ina koyar da faransanci, shekarata biyu da fara aiki, ɗaya da aure. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake masu zama bakin tasha da yamma sun riga sun san ko ni wane ne, kuma har yau in na wuce akwai wanda ke tambayata ko kaza ta nuna. A lokacin ni mutum ne mai ji da kansa. Na yi karatu a Maradi, na taka Yamai sau biyu, ina da jan moto, wato babur, da jakar rataye, kuma a ganina duk abin da mutanenmu ke yi akwai gyara a cikinsa, ni ne kuma aka turo in gyara. Na rubuto muku ne don in sauke abin da ke raina, ko wani mai irin kaina ya karanta ya tsira.

Matata ƴar Bader Goula ce, ƴar fari a gidansu. Da cikinta ya kai wata bakwai aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari, da nufin in ta haihu ta gama wanka, ta yi arba'in, a maido mini ita. Aka bar ni a gida ni kaɗai da tukwane. Akwai gwaggonta da ke aure a nan Dakoro, ita ta ɗauki nauyin cina, kullum da magariba sai ga kwanon tuwon hatsi da miyar kuka an aiko. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai aka tura mu Maradi formasiyo, wato horon malamai, ta kwana biyar, aka sauke mu a wani otal. A can na ga yadda ake cin abinci hawa-hawa: a kawo ganye tukuna, a ɗauke, a kawo nama, a ɗauke, a kawo ayaba a yanke a faranti kamar ba ka da hannun ɓarewa. Na koyi riƙe cokali mai yatsu da hagu, wuƙa da dama, na dawo Dakoro ina jin tuwon gwaggo ya yi mini nauyi a ciki. A bakin gari akwai wata oberj, wato masaukin baƙi mai ɗakin cin abinci, inda ma'aikatan proje ke sauka. Ɗakin gaba tebur huɗu ne da tele da firigo na sanyaya ruwa, tsaf-tsaf da shi. A can ƙurya akwai ƙofa mai labulen igiyoyi, bayanta tsakar gida ce inda ake sayar da abin da kowa ya sani. Allah ne shaidata, ban taɓa kai kwalbar nan bakina ba, ban ma taɓa ɗaga labulen ba. Ni kaza da firit, soyayyen dankalin nan, suka kai ni. Na fara da ranar Asabar kaɗai, sai ya zama kullum, kwanon gwaggo kuwa na riƙa miƙa wa maƙwabcina ta saman katanga.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a Dakoro ba sai an gan ka ba, motonka ake gani. Jan moto a ƙofar oberj kullum bayan la'asar, ba wanda zai tsaya ya tambaya ko mai shi yana ɗakin gaba ne ko yana bayan labule. Gwaggo kuma wata rana ta shiga barka gidan maƙwabcina ta tarar da kwanonta ana ba yara tuwo a ciki. Daga ranar kwano ya daina zuwa, ni kuma saboda wauta har daɗi na ji.

Matata ta haifi ƴa mace. Na je suna, aka yi komai lafiya, sai dai na lura gaisuwar surukina ta gajarce. Shi mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, manomin hatsi mai ƴan tumakinsa, kuma shi ne na'ibin limamin unguwarsu. Arba'in ta cika, shiru. Kwana hamsin, shiru. Aka kai sittin. Duk na kira matata sai ta ce Baba ya ce a dakata. Ranar da na matsa mata sai ta fashe da kuka, ta ce labari ya iso musu cewa tun da ta bar gida na zama ɗan oberj, na ƙi abincin dangi, kuma Baba ya ce ba zai mai da yarinya da jaririya gidan da bai san abin da ke cikinsa ba. Ta roƙe ni don Allah in tafi garin Mai Yara in ɗauko kawuna, shi da ya nema mini aurenta, ya je su yi magana irin ta manya. Maganarta daidai ce, kowane yaro a garin nan ya san haka ake yi.

Ni kuwa na ce a raina wannan hanyar mutanen da ce, ta ɗauki goro a je a yi ta kwana-kwana. Ni mai ilimi ne, kuma ilimi ya ce a kawo hujja. Tsoho bai taɓa ganin cikin oberj ba, shi ya sa yake tsoron ta. In ya shiga da ƙafarsa, ya ga tebur da farin ƙyalle, ya ga kaza ce kawai, ya ɗanɗana ya ji, magana ta ƙare. Kwana uku ina jinjina wa kaina a kan wannan dabara. Na san yana shigowa Dakoro ranar kasuwa, don haka tun jajibiri na je na ce wa matar da ke kai abinci a tanadar mini kaji masu kyau, ina da babban baƙo. Na tsara komai, har kujerar da zai zauna na zaɓa, wadda ta ba labule baya. Abu ɗaya na manta, ban ce mata ta yi kamar ba ta san ni ba.

Na same shi a kara, kasuwar dabbobi, bayan azahar, ya gama sayar da raguna, yana tare da wani tsohon amininsa mutumin Tagriss, mai rawani har bisa hanci, ido kaɗai ake gani. Na durƙusa na gaishe su, na ce Baba akwai wani muhimmin abu da nake so ya gani da idonsa. Ya tambaya ko lahiya, na ce lahiya lau, ba nisa. Na nuna masa bayan moto. Ya dubi moton, ya dube ni, ya ce ƙafa ta ishe shi. Sai a lokacin na tuna in ya hau dole ya riƙe ƙuguna. Ni kuma ba zan hau in bar shi a ƙasa ba. Haka muka ratsa gari da rana tsaka, ni ina tura moto cikin rairayi ina zufa, su biyu suna biye da ni a hankali, duk wanda ke da ido a Dakoro ya ga inda muka nufa.

A bakin ƙofa suka tuɓe takalma suka yi sallama. A zatonsu, kamar yadda na ji daga baya, wani biro ne, wato ofis, na masu raba abincin dabbobi. Ni da na shafe wata huɗu ina shiga da takalmi, dole na tuɓe nawa, na shiga da safa, ɗaya ma ta huje a babban yatsa. Na ja wa Baba kujera ya zauna, amininsa ya zauna. Sai na tsaya. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa zama a gabansa ba sai a ƙasa, nesa, kaina a sunkuye. Yanzu ga kujera daidai tsayin tasa, ga tebur ƙarami. Na ɗosana a bakin kujerar, gwiwata ta taɓa tasa, muka janye a tare.

Ban gama daidaita numfashi ba sai ga mai kai abinci ta fito da fara'arta. Baiwar Allah ce mai kirki, ba ta da laifi ko kaɗan, so take ta fita kunyata a gaban baƙona. Ta ce marhaba da mushe namu, yau kuma an canza tebur, an bar na kullum. Ta juya wajen Baba ta ce masa ya kwantar da hankalinsa yana hannu mai kyau, don a duk masu zuwa gidan nan babu kamar mushe, tun da madam ta yi tafiya bai taɓa fashin kwana ɗaya ba, ko ruwa ake yi sai ya zo. Ni na shirya in ce wa Baba sau uku ko huɗu na taɓa leƙowa. Ina ƙifta mata ido, ita kuma ta ɗauka ƙarin yabo nake nema, sai ta ƙwala wa mai dafuwa kira. Shi ma ya fito yana goge hannu, ya rungume ni, ya ce ai ni ɗan gida ne, har faranti na musamman gare ni. Baba kuwa carbinsa kawai yake ja.

Na daure na fara jawabin da na haddace, cewa Baba ya gani wuri ne mai tsafta, ma'aikata ke zuwa, zamani ya canza. Ina cikin haka aka kawo salad. Mutumin Tagriss ya sunkuya ya duba farantin da kyau, ya tambayi Baba a hankali ko mantawa aka yi ba a dafa ba. Na ce haka ake ci, yana ƙara jini. Ya ce to, su a wajensu ma suna ba awaki, kuma gaskiya yana ƙara musu. Ba wanda ya taɓa. Aka ɗauke, aka kawo kaji, kowa da tasa a farantinsa, ga firit, ga cokali da wuƙa an naɗe cikin takarda. Kaza ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba, ta soyu ja wur, ƙamshi ya cika ɗakin.

Na ɗauki cokali na ce bisimilla. A nan hannuna ya tsaya. Wallahi sai a wannan lokacin, da cokali a sama, abin ya faɗo mini: ban taɓa shan ko ruwa a gaban mutumin nan ba. Duk zuwan da nake yi Bader Goula, a wani ɗaki ake kai mini abinci a ja ƙofa, shi kuma ya bar gidan ma gaba ɗaya har in gama. Suruki ba ya ci a gaban suruki, wannan ko ɗalibaina na ajin farko sun sani. Kwana uku ina tsara kujera da labule, ban taɓa tambayar kaina ta yaya zai buɗe baki ya sa cinyar kaza ina kallonsa ba, ko ni in tauna yana jin ƙarar ƙashi. Amininsa kuma ba ya sauke rawani a gaban baƙi. Muka zauna mu uku, kaji uku suna hucewa, tele tana ta wasan ƙwallo. Baba yana kallon bango, ni ina kallon yatsana da ya leƙo ta safa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, amma an ci ƙwallo ɗaya har an rama.

Sai wata dabarar ta zo mini, kuma ita ta ƙarasa ni. Na ce a raina in na ba su wuri za su ci. Na miƙe zumbur na ce Baba ina zuwa. Ƙofar waje tana gaban idonsa, in na tsaya can zai riƙa hango ni, kunya ba ta kau ba. Kaina ya ɗauki zafi, ƙafata ta nemi inda zan ɓace masa, na zagaya bayansa na ɗaga labulen igiyoyin nan na faɗa. Wata huɗu ina zuwa gidan ban taɓa shiga ba, sai ranar da na kawo surukina ya shaida ba na shiga.

Ranar kasuwa ce, tsakar gidan cike take. Na maƙale jikin bango ina salati a zuci. Wani dillalin kara, wanda nake koyar da ɗansa, ya hango ni. Ya riga ya yi nisa, idonsa ja. Ya taso da kwalba a hannu ya rataya mini ɗaya hannun a wuya, yana cewa yau mushe ya waye, dama ya san ƙarshenta zan shigo. Na yi ta roƙonsa ya rage murya, ina da baƙo a gaba. Jin haka ya ce ai baƙon mushe nasa ne, sai ya gaishe shi. Na ja baya, ya ja gaba, mutum ne ƙaƙƙarfa mai kama bijimai, muka fito ta labule tare, hannunsa a wuyana, kwalbarsa tana zuba a rigata.

Baba ya juyo. Dillali ya dube shi, ya saki wuyana, ya buga wata irin kabbara ta murna, don shi ne ya yi dillancin ragunan Baba da safen nan. Ya ce ashe Malam ma na nan. Ya ce shi kullum yana gaya wa mutane Malam ba shi da tsanani, ga shi yau Allah ya nuna. Ya leƙa bayan labule ya kira abokan zamansa su zo su gaisa da na'ibin Bader Goula, ya kuma ce a kawo wa Malam mai sanyi guda. Kawuna suka yi ta leƙowa ta cikin igiyoyi. Mutumin Tagriss kuwa, ashe tun fitata ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya jawo farantan nan uku gabansa, yana tura nama ta ƙarƙashin rawani da hannu, bai ko waiwayo ba.

Baba ya miƙe a hankali, ya sa carbinsa a aljihu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce mini ya ga abin da na ce ya zo ya gani, Allah ya yi albarka. Ya fita ya sa takalmansa. Amininsa ya tsaya ya suɗe yatsu, ya gyara rawani, da zai wuce ni ya ce shi dai kazar bai ga laifinta ba.

Kafin motar kasuwa ta kai shi gida, labari ya riga shi ta waya. An ga na'ibi a oberj, kaza a gabansa, ana kawo masa mai sanyi. Kafin kwana biyu wasu sun ce kwalba biyu, wasu sun ce shi da surukinsa dama can suke haɗuwa. Abin da aka yi mini da moto, ni na ɗauko dattijo da hannuna na kai shi aka yi masa, shi da bai san ma me ake yi a gidan ba. Ya daina shiga gaba a masallaci da kansa, ya koma sahun baya. Abin da har yau in na tuna nake jin hawaye shi ne, an tambaye shi ya ƙi yin bayani. In ya ce yaudararsa aka yi aka kai shi, mijin ƴarsa zai tona wa asiri a bainar jama'a, sai ya zaɓi ya yi shiru ya ɗauka. Sai da mutumin Tagriss ya ji, ya taso takanas ya zo gaban liman da dattawan unguwa, ya rantse cewa Malam ko ruwa bai sha ba, kuma kaji ukun shi kaɗai ya cinye su, in akwai zunubi a kansa yake.

Matata ta kira ni sau ɗaya a makon. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ce in san cewa ragunan da Baba ya kai kasuwa ranar nan, ya sayar da su ne don ya sayi kayan gara, shinkafa da mai da sabulu, saboda ya riga ya yanke shawarar a maido ta a cikin makon, ya ce an ja wa yaro kunne ya isa haka. Saura ya shiga cikin kasuwa ya yi sayayya na tare shi. Ya koma gida hannu wofi. Ta kashe wayar, ta kuma daina ɗauka.

A ƙarshe dai Mai Yara na tafi, inda aka ce in je tun farko. Na ba kawuna labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa na maimaita wajen labulen sau biyu, sannan ya share hawaye ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba tun ina yaro. Sau uku yana zuwa Bader Goula da goro. Ni kuma aka sa na je na durƙusa a ƙofar masallacinsu bayan la'asar, na faɗi abin da na yi da bakina a gaban mutane, har da dillali, har da safa. Dattawa suna ta danne dariya cikin rawani. Baba ya yafe, ya koma jan salla, amma bai yi gaggawar komai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai bayan wata biyar aka maido mini iyalina.

Ga abin da nake so in gaya wa ƴan'uwana matasa, musamman mu da muka ɗan yi lakol, wato boko, muka ci abinci da wuƙa sau biyar. Cin kaza a oberj ba haramun ba ne, amma ka san garin da kake ciki, ka san mutane ba za su bi ka ciki su duba farantinka ba. In kuma magana ta shiga tsakaninka da surukai, kada ka ce kai za ka warware ta da wayonka, ka nemi babba ya shige maka gaba. Kunyar nan da muke rainawa, ita ce dattijon nan ya rufa mini asiri da ita lokacin da ni na tona nasa. Kuma kafin ka kai mutum wuri don ka wanke kanka, ka tsaya ka tambayi kanka shi me za a ce a kansa in an gan shi a can.

Na bar ƴata tana cikin tsumma, ko wuya bai tsaya ba. Ranar da aka kawo su, an sauke ta a tabarma sai na ga tana rarrafe, da haƙora biyu a ƙasa. Duk wannan an yi shi ba na nan. Na durƙusa na miƙa mata hannu, ta dube ni da kyau, ta tsala ihu ta juya ta kama zanen uwarta. Sai da aka yi mako uku kafin ta yarda in ɗauke ta.